Romon Kifi da Ruwan Jarka ta Uku

A kan shingen gidan Goggo Profira an shanya wani farin ƙyalle, tsakiyarsa ya yi kore shar kamar an murza masa ganye. Ilinca ta gan shi tana wucewa, ba ta kawo komai a ranta ba. Abu ɗaya ne ya cika mata kai: rabi.

Rabin miligiram na fosfarus a kowace lita. Iyakar da take so kwamitin ƙauye ya sa wa ruwan dattin da matatar gari ke zubawa a fadamarsu ke nan, a bakin kogin Danube. Injiniya Panait, mai kula da matatar, biyu yake so. Da safe Ilinca ta karanta rahotonta a zauren ƙauye, kanta a sunkuye. Ta ce sinadarin nan taki ne, gansakuka ke sha ta rufe ruwa, bado ya mutu, kifi ya rasa iska. Na baya suka ce ba su ji komai ba. Panait kuwa ya miƙe ya bugi ƙirji.

"Ruwan da ke fita daga bututuna? Ku ba ni kofi in sha a gabanku!"

Aka tafa masa. Shugaban kwamiti, Trofim, ya ce a ci abinci tukuna, sannan a ɗaga hannu.

Jarka uku ne suka rage mata. Da sassafe ta shiga kwalekwalen Kawu Haralambie masunci, mijin Goggo, ta ɗebo ruwa daga wuri uku, na ƙarshe daga ƙarƙashin bututun. Ta ɓoye su a inuwar madafin Goggo. In ta jera su a gaban kwamiti, ruwan zai faɗi abin da bakinta ya kasa.

A farfajiyar gidan Goggo aka kawo kifi a faranti da tafarnuwa da tuwon masara, romo ya biyo baya. Panait ya shanye kwano biyu, ya miƙa a ƙara.

"Goggo, ki saki wannan tsohon ki aure ni!"

"Ɗauke ta yau," in ji Haralambie. "Zan haɗa maka da tukunyar, amma bakin ba ya rufuwa."

Ilinca ta zame zuwa madafi. Jarka biyu na nan a cike. Ta ukun tana kwance, bakinta a buɗe, ko ɗigo babu.

"Goggo, ina ruwan nan?"

"Au, naki ne? Na ɗauka tsohon ne ya ɗebo min. Kin san romon kifi ba a yin sa da ruwan famfo, sai ruwan da kifin ya yi iyo a ciki."

"Me ya sa wannan?"

"Ita ce kusa da ƙofa. Amma 'yata, a ina kika samo shi? Sau huɗu na tace!"

Ilinca ta so ta yi kuka, hujjarta ta tafi. Sai ta leƙa ta hango Panait yana suɗe cokali, ido a lumshe. Dariya ta taso mata daga ciki. Ta toshe baki, dariyar ta fito ta hanci. Ta rungumi jarkar ta nufi teburi tana tangaɗi, hawaye na zuba, ta dire ta tsakanin kwanoni. Trofim ya sa tabarau ya karanta rubutun jikinta da ƙarfi.

"Ƙarƙashin bututu." Ya dubi jarka, ya dubi kwanonsa. "Profira, kar ki ce min..."

"Duk kun sha," in ji Goggo. "Injiniya kwano uku."

Haralambie ya faɗo daga benci. Likitar ƙauye ta kifa kai a teburi, kafaɗunta na rawa. Wani ya ce a ba Injiniya lambar yabo, mutum ne mai cika alkawari.

Panait ya goge baki. "To ga shi na sha, na mutu?"

Goggo ta je shinge ta ciro ƙyallen, ta shimfiɗa masa a gaba. Ƙarni ya tashi.

"Ga rabonka da na rage maka. Shekara arba'in ina tace ruwan fadamar nan, ɗan yashi kawai nake samu."

Ilinca ta ji murya ta cika farfajiyar, sai daga baya ta gane tata ce.

"Ku an tace muku, an tafasa, an sa tafarnuwa! Kifi wa zai tace masa? In an bar biyu, baɗi duk fadamar ƙyallen nan ce."

"Yau kam mun ji ki," in ji Trofim yana share ido. "Masu cewa rabi?"

Hannaye suka tashi, wasu da cokali a ciki. Ilinca ta ƙirga, ta ruɗe saboda dariya, ta sake ƙirgawa. Shida cikin bakwai. Goggo ta rungume ta har ƙafafunta suka bar ƙasa, Haralambie ya kifa jarkar yana kiɗa da ita.

Ta saman kafaɗar Goggo, Ilinca ta ga Panait ya daɗe yana kallon ƙyallen. Ya ninke shi gida huɗu, ya sa a aljihun kwat, ya ɗauki hularsa, ya bi ta ƙofar lambu.