Salansar Vukashin

Ni Radoje, yaƙi bai kashe ni ba, sanyin duwatsu ma ya gaji ya ƙyale ni. Da hannuna na ɗaura wa motar ɗana Vukashin sabuwar salansa mai ruri. Ranar gwaji, ƙarar ta kori uwarsa Milka ɗaki, ba ta watsa ruwa a gaban motar kamar yadda muke yi wa matafiyi ba. A kwanar gada Vukashin ya yi haɗari, ya rasu.

Kullum da rana tsaka sai ta ɗauko kofin ruwa. "Tsoho, ka ji? Ga shi nan tafe."

"Kunnenki ne, tsohuwa. Salansar tana rataye a rumfa."

Jiya na taɓa ƙarfen, na ji shi da zafi. Na karɓi kofin, na watsa ruwan da kaina.