Layi Ɗaya a Kan Gilashi

Auta ya buɗe shagon yankan gilashi, amma bai taɓa yarda a ransa cewa nasa ne ba. In mutum ya shigo ya tambayi mai shago, sai ya waiga baya kamar akwai wani.

Ni ne ubansa. Ni na fara koya masa sana'ar kafin hannuna ya soma rawa. Daga nan ya yi shekaru a ƙarƙashin wani, wanda kullum yake gaya masa cewa hannunsa na ƙananan ayyuka ne. Maganar ta zauna masa. Gilashin hoto, madubin aski, 'yan gutsattsarin taga, iyakarsa ke nan. Babban aiki in ya zo, sai ya yi wa mai shi kwatancen shagon tsohon maigidansa, har ya raka shi bakin titi. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya daina kiransa mai gilashi, sai ɗan rakiya.

Matarsa ta zo ta same ni. Ta ce ya fara zancen cire allon shagon ya koma inda ya fito. Ta ce ita ta gaji da magana, har ta tambaye shi ko za ta ɗinka masa rigar yaron shago tun da wuri. Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Da safe na je na zauna kan bencinsa. Wajen hantsi wani ɗan kwangila ya tsaya da mota ɗauke da manyan gilasai uku masu kauri, kowanne ya fi ƙofa tsawo. Biyu yake so a yanka wa gaban wani sabon kanti, na ukun na ko-ta-kwana ne. Auta ya ɗaga hannu zai fara kwatance.

Na ce, "A sauke su."

Ya dube ni. Na dubi teburin. Aka sauke.

Sana'armu doka ɗaya gare ta. Ka auna sau nawa ka ga dama, amma in ka ɗora abin yanka, layi ɗaya za ka ja, daga farko har ƙarshe, ba tsayawa. In ka koma ka maimaita, bakin layin ya dagule, gilashin ya tsage inda ya ga dama. Ƙaramin gilashi yakan yafe wannan. Babba ba ya yafewa.

Ya shimfiɗa bargo, aka kwantar da na farko. Ya auna, ya ɗora katakon jan layi, ya tsoma abin yanka a kananzir, ya ja. Ƙarar ta fita siririya, ba gargada. Sai ya tsaya yana leƙen layin. Ya shafa shi da yatsa. Kafin in buɗe baki ya koma ya sake bi ta kai.

Da ya danna don gilashin ya rabu, tsagar ta bi layi har tsakiya, sannan ta karkace ta fita ta kusurwa.

Ɗan kwangila ya ce a mayar masa da sauran biyun mota. Tela ya leƙo, wannan karon bai yi tsokana ba. Auta ya ajiye abin yanka, ya ce a hankali, "Baba, na gaya maka ba hannuna ba ne."

Na ce, "Layin farko lafiyarsa ƙalau, na ji shi da kunnena. Hannunka ya gama aiki. Kai ne ka bi bayansa ka ɓata."

Na gaya wa ɗan kwangila ni zan riƙe katakon da kaina. Ya dubi furfurata, ya dubi agogonsa, ya ce a gwada.

Aka kwantar da na biyu. Na danne katako da hannun hagu, amma rawar ta ƙi tsayawa, katakon yana motsi. Sai na damƙi bakin gilashin da hannun dama, na sakar masa nauyina. Na san abin da bakin sabon gilashi yake yi wa tafin hannu. Na ji ya shiga.

Na ce, "Ja. Kada ka dube ni."

Ya ja har ƙarshe. Ya danna. Gilashin ya rabu a miƙe, da ƙara ɗaya.

Na ce a kawo na ukun. Na ɓoye hannun a bayan rigata har aka kwantar da gilashin, na sake damƙa. Shi ma ya rabu daidai. Sai a lokacin Auta ya ga bargon ya jiƙe, ya ga abin da ke ɗiga a kan takalmina.

An ɗinke hannun a asibiti. Yatsu biyu ba su ƙara lanƙwasawa ba. Cokali ma da hagu nake riƙewa yanzu.

Allon yana nan. Ya sa an ƙara wa teburin tsawo, manyan motoci suna tsayawa a ƙofarsa. Ba mu taɓa tayar da zancen ranar ba, kuma in muna cin abinci ba ya kallon hannuna. Ya hana ni zuwa kusa da tebur. Ina zama kan benci a waje, bayana jingine da bango, ina sauraren abin yanka. In ya ja, nakan jira in ji ko zai koma.