Idon da Magini Ke Awo da Shi

Da ido ɗaya magini yake duba bango. Haka ya saba tun yana saurayi: ya runtse na hagu, ya bi layin bulo da na dama. Ran nan da ya duba, sai ya ga bangon ya yi ciki a tsakiya.

"A rushe," ya ce wa ƙanensa, abokin aikinsa.

"Yaya, igiya ta ce daidai yake."

"Igiyar ma a karkace take."

Ƙanen ya tuntsire da dariya. "To, Allah ya shiryi igiya!"

Shi bai yi dariya ba. Ya san igiyar da aka rataya wa nauyi ba ta lanƙwasa. Ya dubi ƙofar maƙwabta, ya dubi turken lantarki, duk sun lanƙwashe.

Ya daɗe da ciwon suga, amma kowa cewa yake idon da bai yi ja ba, ba ya zafi, lafiyarsa ƙalau. Masu faɗin haka kuwa ba wanda ya taɓa leƙa cikin ido.

A asibiti aka ɗora haɓarsa kan na'ura, aka ɗauki hoton idanun biyu. Wata likita ta nuna masa na dama.

"Baba, ka ga shimfiɗar nan ta can bayan ido? Da ita kake gani. Suga ya raunana jijiyoyinta, ruwa ya tsattsafo, ta yi kauri, ta taso kamar filastar da damshi ya shiga. Sai an yi allura a idon."

"A ina?"

"A idon."

Ya miƙe yana lalubar hularsa. "A'a, 'yata. Ai ina da na hagu."

"Ga hotonsa nan."

"Tsaya. Ni zan duba."

Sai yanzu ya tuna cewa duk rayuwarsa bai taɓa auna komai da wannan idon ba. Ya rufe na dama da tafin hannu, ya bi gefen ƙofar ɗakin daga sama. Gefen ya miƙe sambal, sambal, sannan daf da mariƙi ya ɗan goce.

"Kafintanku..." ya fara, sai ya tuna da igiyar.



Ya koma kan kujerar a hankali, ya ɗora hular a gwiwa.

"Allurar nan, 'yata. Yau za a iya?"