Minti Uku na Mma Barikisu

Allon kwamfutar Wadia taga biyu gare shi, kuma duk wanda ya tsaya a bayanta sai ya tambayi bambancinsu. Ta sha ba da amsar har ta haddace. Tagar hagu tata ce ita kaɗai, nan take leƙa kowace kyamara ta ga ko hoto ya zauna. Tagar dama ta duniya ce. Abin da ta tura can, shi 'yan unguwannin Zango mazauna Jamus da Amurka da Saudiyya za su gani a wayoyinsu kai tsaye, ko ɗaurin aure ne ko suna ko wa'azi. Tsakanin tagogin akwai maɓalli guda, kuma shekara huɗu ke nan tana cin abinci da shi, tun ranar da ta sayo kwamfutar a wani shago a kasuwar Circle, mai shagon yana rantsuwa cewa sabuwa ce fil, alhali harafi biyu sun goge a madannanta.

Ran Lahadin nan an tare wani titi a unguwar Nima da rumfunan kanofi shida da kujerun roba. Makarantar matan aure ta Malam Abubakari ce ke walimar sauka, mata goma sha ɗaya. Goma suna zaune a sahun gaba cikin fararen hijabai, kowacce na motsa baki tana bitar inda za ta karanta. Ta sha ɗayan tana unguwar Maamobi, a ɗakinta, kuma ita ce uwar Wadia.

Mma Barikisu mai waakye ce, wato shinkafa da wake, shekara talatin a bakin titi ɗaya. Ta shiga makarantar tana da hamsin da huɗu, ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Kullum idan tukunya ta ƙare ta dawo gida, sai ta yi alwala ta zauna bita, mijinta Baba Jalilu ya ja kujerarsa ta katako kusa da ƙofa ya saurara. Tsohon direban tirotiro ne, motar haya ta cikin gari, karatunsa bai wuce na sallah ba, amma hakan bai hana shi gyaɗa kai kamar mai gyara ba. In ta kai aya sai ya ce, "Daidai." In ta yi kuskure ma, daidai ɗin dai zai ce. Haka suka yi shekara bakwai. Saura wata biyu walima, ya kwanta da zazzaɓi, kwana huɗu ya cika.

To, mai takaba ba ta fita taro. Mma ba ta yi gardama ba, ta dai ninke farin hijabin da aka ɗinka mata ta sa a ƙasan akwati, kuma wannan shirun nata ya fi kuka ci wa Wadia rai. Ita ta je ta sami Malam da maganar. Malam Abubakari mutumin Maraɗi ne, ba ya amsa tambaya a tsaye. Sai da ya kwana biyu sannan ya aiko a kira ta.

"Takaba ta hana ta fita, ba ta hana ta karatu ba," in ji shi. "In na'urarki za ta iya kawo mana ita tana zaune a ɗakinta, ki kawo ta. Minti uku kowacce za ta yi, ita ma minti uku."

Da safen ranar Wadia ta shirya ɗakin. Ta jingina tsohuwar wayar Mma da gwangwanin madara a kan tebur, ta buɗe labule don haske. Kujerar Baba ta shigo cikin hoton, ta kai hannu za ta fitar da ita tsakar gida.

"Bar shi nan," in ji Mma.

"Mma, yana ɓata hoto."

"To matsa shi kaɗan. Amma ba ya fita."

Ta matsar da ita gefe, daidai inda kyamara ba ta kamawa. Sannan ta kafa doka: kada a taɓa waya, kada a amsa sallamar kowa. Mma ma ta kafa tata. Kowa a gidan ya san halinta, in aka katse ta a tsakiyar karatu sai ta koma farko, in aka sake katse ta sai ta rufe, ranar an gama ke nan.

"Sau ɗaya zan yi, Wadia. In wani ya tsaya ni, shi ke nan kraa, ba na sake."

"Ba wanda zai tsayar da ke, Mma."

A wurin taro kyamara biyu ne. Ta farko tana hannun mijinta Fawaz, tana kallon masu sauka. Ta biyu an kafa ta tana fuskantar bakin titi, ba ta da aikin komai sai jiran mutum ɗaya. Alhaji Seidu mai motocin haya shi ya ɗauki nauyin kanofi da kujeru da babbar talabijin ɗin da aka rataye gaban jama'a mai nuna abin da ke tagar dama, shi kuma ya yi wa Wadia alkawarin ita za ta haska tafsirin azumin bana daga masallacinsa, dare talatin cur. A Zango kuwa kowa ya san yadda babban mutum ke shiga taro. Ba ya zuwa da wuri, don kada a ce ba shi da abin yi. Yana sako ƙafa komai zai tsaya, ko liman ne a tsakiyar addu'a sai ya gajarta, mai gabatarwa ya kwarara kirari, a miƙe, a raka shi kujera.

Mai gabatarwar Mujeeb ne, mutum mai murya kamar ya haɗiye lasifika. Tun kafin a fara ya kawo mata takarda, yana magana da Hausar Zango wadda mace ma "ka" ake ce mata.

"Sista Wadia, ga sunan Alhaji. Ka rubuta duka, kar ka rage ko ɗaya. Yana shigowa, ka sa shi ful ya cika talabijin, suna a ƙasa."

Sunan da muƙamansa layi huɗu ne. Sai da ta ƙanƙance rubutun sau biyu kafin ya shiga, in ba haka ba da ya rufe wa Alhajin gemu.

An ce ƙarfe goma. Sha ɗaya ta yi, ba Alhaji. Sha biyu saura, masu sayar da ruwan leda sun yi ciniki har sun koma sari. Wadia tana ta leƙa tagar hagu. Ga Mma zaune cikin hijabinta na takaba, hannu a kan gwiwa, ba ta motsa ba tun ɗazu. Wayar nan kuwa Wadia ta san ta sarai, in ta daɗe a kunne zafi take ɗauka ta mutu da kanta, kuma hoton har ya fara ɗan tsinkewa. Ƙarshe Malam ya dubi rana, ya dubi tsofaffin da ke fifita da takardar shiri, ya ce a fara.

Aiki ya tafi sumul. Wadia na sauya kyamara, tana sa sunan kowace mai karatu a ƙasa, tana daidaita sauti, don duk makirufon wurin ta hannunta yake bi kafin ya kai lasifika. Masu kallo suka haura ɗari uku. Saƙonni na ta hawa a gefe, wannan na gaida gwaggonsa daga Hamburg, wancan na ƙorafin ba a nuna layin da matarsa take ba. Ta shida ta karanta, ta bakwai ta karanta. Sai Malam ya karɓi makirufo da kansa.

"Ta takwas ba ta nan, amma tana nan. Barikisu, matar marigayi Jalilu. Bismillah."

Wadia ta danna maɓalli. Fuskar Mma ta cika talabijin, matan sahun gaba suka yi ta taɓa juna. Mma ta gyara murya, ta fara. Muryar na rawa a ayar farko, a ta biyu ta zauna. Ba murya ce mai zaƙi ba, muryar mai kiran masu sayen waakye ce, amma kowane harafi na fita a wurinsa.

Ba ta kai minti ɗaya ba Fawaz ya yi magana a abin kunnen Wadia.

"Wadia, ga Alhaji nan oo."

A ƙaramin hoton kyamara ta biyu, wata baƙar mota ta tsaya. Aka buɗe ƙofa, babbar riga ruwan sararin sama ta fito, mutum biyar na biye. Mujeeb ya riga ya miƙe. Ba mugunta ce ta tashe shi ba, shekara ashirin yana wannan aikin, jikinsa ne ke tashi da kansa in ya ga babbar riga. Ya kai makirufo baki, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya cika.

Wadia ta ji tsoro, tsoro na gaske. Ta tuna dare talatin na tafsiri, ta tuna sabuwar kyamarar da suka gama zaɓa ita da Fawaz. Amma yatsanta bai jira ta gama tunani ba. Ta ja layin sautin Mujeeb har ƙasa.

Mujeeb ya saki kirari, ba abin da ya fita sai abin da na kusa da shi suka ji. Ya bubbuga kan makirufo. Ya hura. Ya juya shi ya duba gindinsa. Ya waiwayo yana yi wa Wadia alama da hannu biyu, ita kuwa ta kafa ido a kwamfuta kamar mai karanta wasiƙar gida.

"Wadia, ka sa shi mana," in ji Fawaz a kunnenta. "Ko kaɗan ne."

Ko kaɗan ne. To, manhajar tana da wata dabara da Wadia ke amfani da ita a wa'azi, ƙaramin akwati a kusurwa inda ake sa mai fassara. Ta ɗauko kyamara ta biyu ta jefa a ciki. Sai ga Mma Barikisu ta cika talabijin tana karatu, ga Alhaji Seidu can ƙasa a kusurwar dama, shi da babbar rigarsa da mutanensa biyar, duka ba su fi kwalin ashana ba.

Alhaji ya taho yana ɗaga hannu irin na mai amsa gaisuwa, sai ya lura ba wanda ya miƙe. Ya ɗaga kai ya ga talabijin. Ya ga tsohuwa, ya ga wani ɗan mitsitsin mutum a gefenta yana ɗaga hannu. Ya sauke hannun, ɗan mutumin ma ya sauke. Nan ya gane ko wane ne. Ya dubi Malam, Malam kuwa idonsa a rufe, yana bin karatun da leɓe. Komai girman mutum ba ya ratsa sahu ana karatu, wannan ko yaro ya sani. Haka Alhaji ya tsaya inda yake, a wajen kanofi, rana na dukan hularsa, ya harɗe hannu a ciki. Mutanensa ma suka harɗe.

Mma ba ta san ana yi ba. Ta zo wata doguwar aya da kullum take tuntuɓe a kanta a gida. Wadia ta riƙe numfashi. Hoton ya tsaya cik na daƙiƙa ɗaya, ya dawo, muryar ba ta yanke ba. Mma ta haye ayar, ta kai ƙarshe, ta rufe baki.

Malam ya buɗe ido ya ce, "Ma sha Allah. Ta sauke." Matan nan goma suka ɗauki kabbara, sauran jama'a suka amsa, wasu na share ido da gefen mayafi.

Sai a lokacin Wadia ta mayar da layin Mujeeb sama, ba ta kuma gaya masa ba. Abin da ya fara fita a lasifika shida shi ne, "...wane ɗan iska ne ya taka waya?" Ya ji muryarsa, ya haɗiye sauran, ya zarce da kirari kamar ba shi ba. Wadia ta tura Alhaji tagar dama, ya cika talabijin, layi huɗu na sunansa a ƙasa ba ragi. Aka miƙe, aka raka shi kujera. Ya yi murmushi, ya gaisa da Malam, amma da zai zauna ya aiko wa teburinta wani kallo da ba ya buƙatar fassara. Tafsirin bana dai wani mai kyamara ne daga wata unguwa ya haska shi, kuma an ce sautin bai yi kyau ba.

Mujeeb ya ƙaraso yana gumi, ya sunkuyo kanta.

"Sista, ka san abin da ka yi? Ka sa Alhaji cikin kwali. Gaban mutane paa."

Wadia ba ta ji shi ba. Ta manta ba ta kashe layin Maamobi ba, Mma tana nan a tagar hagu, sautinta na shigowa abin kunnenta ita kaɗai. Tsohuwar ta ɗauka an gama, ba mai ganinta. Ta shafa fuska da tafi biyu. Sannan ta juya gefe, wajen da kyamara ba ta kamawa, inda aka matsar da kujerar katako da safe.

"Baban Wadia," in ji ta a hankali, "ka ji ko?"

Ta ɗan jira, kamar yadda ta saba jira. Sai ta gyaɗa kai, ta faɗa da kanta.

"Daidai."

Wadia ta kife tafin hannunta a kan maɓallin don kada wani ya taɓa shi bisa kuskure. A tagar dama Alhaji na gyara zaman riga, mutum ɗari uku da wani abu suna kallo.