Hatsin Gidan Suruki

Ranar da aka ɗora Inna Baiwa a kan ma'auni a likitar Matameye, wato asibitin garin, Najaha ta so ƙasa ta tsage ta shige. Kilo talatin da huɗu. Majon da ke duba marasa lafiya ya sake leƙa ma'aunin, sannan ya dubi Najaha tun daga gyale har takalmi, ya tambaya ko ita ce mai kula da tsohuwar. Ta ce ita ce, kakarta ce. Ya ce shi bai ga wata cuta ba, abinci ne ba ya isar jikin, kuma mace mai waɗannan shekaru in ta rame haka, mura kaɗai ta isa ta kwantar da ita kwanciyar da babu tashi. Sauran maganar matan da ke kan benci ne suka ƙarasa ta da ido: ga yarinya shar da ita, kumatu cike, ga kakarta kamar karan dawa.

Najaha ba ta saba sunkuyar da kai ba. Duk surutun unguwa bai hana ta gama karatun boko a lakwal ba. Amma ran nan har suka iso gida idonta na ƙasa.

Tun bayan girbi aka ɗauko Inna daga Ɗan Barto. Ɗanta Tanko ya tafi cin rani Kano, matarsa ta tafi gidansu haihuwa, tsohuwa kuma ta faɗi a tsakar gida ba mai ɗaga ta. Malam Zakari, mahaifin Najaha, ya ce a kawo ta gidansa wurin 'yarta Ruƙayya, matarsa. Najaha ce ta ɗauki hidimarta, kuma ba ta yi ƙyashi ba: kunun gyaɗa, ƙwai, hanta ranar kasuwa. Inna takan yi loma biyu ta ture kwano, ta ce cikin tsufa ludayi ne, ba ƙwarya ba. In an matsa mata sai ta juya zancen wasa, ta ce ƙawarta Najaha so take ta yi ƙiba ta kasa wucewa ta ƙofa.

Da suka dawo daga likita Najaha ta dafa faten wake, ta dire shi gaban Inna a inuwar tsakar gida. Inna ta ce ta ƙoshi. Daidai nan Malam Zakari ya shigo daga masallaci. Najaha ta ɗaga murya ta zayyane masa duk abin da majo ya ce, ta ce ya sa baki, wataƙila shi a ji maganarsa. Malam ya yi turus. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa daga nesa, kansa a ƙasa, ya ce a daure a ci, Inna. Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ga bango. Yinin ranar ko ruwa ba ta kurɓa ba.

Ruƙayya ta ja Najaha madafa, idanunta jawur.

"A ina kika taɓa ganin uwa ta zauna tana cin hatsin surukinta, har shi da bakinsa yana roƙonta? Tun da ta zo, abin da zai riƙe rai kawai take taɓawa."

Najaha ta tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba tuntuni. Uwar ta ce da wane bakin, can mijinta, nan uwarta.

Najaha ta shiga ɗakin Inna ta durƙusa. Ta ba da haƙuri a kan tonon sililin da ta yi mata, amma ba ta janye sauran ba. Ta ce kunyar da za ta kai mutum kabari ita ba ta ga amfaninta ba, kuma Baba bai taɓa ƙirga lomar kowa ba. Inna ta ce ta sani, mutumin kirki ne, abin da ya ƙara nauyin ke nan. Ta ce shekarar da fari ya cinye gonaki, tafasa da rama ta yi ta ci har damina, ba ta aika gidan nan neman ko tiya ɗaya ba.

"'Ya na ba shi," in ji ta, "ban ce ya haɗa da cikina ba."

Kashegari Najaha ta hau kabu-kabu zuwa Ɗan Barto. Babban rumbun Tanko a liƙe yake, ba mai taɓa shi sai lokacin noma. Amma maƙwabcinsu Illa ya nuna mata ɗan rumbun Inna, inda aka zuba abin da aka samu a gayaunarta, 'yar gonarta ta kanta. Damman gero ne kaɗan da ɗan wake. Matan gidan Illa suka taya ta sussuka, ta dawo da rabin buhu, ta ajiye shi a ɗakin Inna kusa da kanta.

Inna ta tura hannu cikin buhun har gwiwar hannu, ta ɗebo, ta shinshina. Ranar ta shanye furarta tas, ta side ludayi. Daga nan kullum Najaha a gabanta take ɗiba, ta yi mata kunu, ta yi fura da nono, ta dafa wake har ya yi laushin da dasashi zai iya. Sannu a hankali tsohuwa ta fara zuwa bayi ba a riƙe ta ba. Wata la'asar Najaha ta leƙa ta same ta tana salla a tsaye.

Buhu kuwa sai ƙasa yake yi, damina da sauran nisa, Tanko ba ranar dawowa. Najaha ta auna abin a ranta ta ga ba wata hanya. Da Inna ta fita alwala, sai ta ɗebo daga buhun mahaifinta ta juye a na kakarta kamar ɓarauniya. Haka ta riƙa yi. Geron Malam na kasuwa ne, ya fi haske, ƙwayarsa ta fi girma. Duk yadda ta cuɗa shi da na ƙasa, yana nunawa.

Wata safiya ta zo ɗiba, Inna ta riga ta sa hannu. Ta ɗebo cikin tafinta, ta matso da shi bakin ƙofa wurin haske, ta murza da yatsa, ta daɗe tana kallo. Najaha na durƙushe da ƙwarya, tana jiran a ture buhun a koma gidan jiya.

Inna ta watsa geron cikin ƙwaryar, ta kakkaɓe hannu.

"Gayaunata ta yi albarka bana," ta ce, ba tare da ta dube ta ba. "Ki ƙara nono yau, ƙawata. Furar jiya ta yi kauri."

Najaha ta amsa da to. Ta ɗauki ƙwarya ta fita wajen turmi, ita ma ba ta iya ɗaga ido ba.