Murjanin Shekuwe

Mwanamkasi na tsaye a kan kujera, hannunta tsundum cikin ruwan akwatin kifi na gilashi, tana kankare gansakuka da tsohon buroshin haƙori, sai ƙaninta Famau ya yi sallama. Ta amsa ba tare da ta juyo ba.

Akwatin gilashin na mijinta ne, Shekuwe, wanda ya rasu wata uku da suka wuce. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana renon murjanin da ke ciki, irin mai rai ɗin nan da ke tsirowa a ƙarƙashin teku, tun yana ɗan tsiro kamar yatsa har ya yi rassa ya cika rabin akwatin. Duk Mombasa babu wanda ya taɓa shiga gidan bai sha labarin murjanin nan ba, yana so ko ba ya so. Da ciwo ya kwantar da shi, abu ɗaya ya roƙe ta: ta kula masa da shi. Ga shi yanzu gansakuka ta lulluɓe shi, koriya shar. Ita kuwa tana takaba, ba ta fita, shi ya sa ta aika a kira Famau, wanda sana'arsa ke nan, nutso a teku yana kamo wa masu irin wannan akwati kifi.

"Yaya, wannan gidan kifi ne ko gonar alayyafo?"

"In tsiya ka zo yi mini, ga ƙofa can. Kullum sai na goge, kullum sai ta dawo."

Ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya sunsuna, ya leƙa ƙasan akwatin.

"Sau nawa kike ba kifayen abinci?"

"Yadda ake ba kowa mana. Safe, rana, yamma."

"Shi ke nan?"

Ta sauko daga kujerar tana share hannu da gefen zani.

"Har yanzu in zan dafa, na mutum biyu nake aunawa. Sai na sauke tukunya nake tunawa. Jatan-landen kasonsa nake daddatsa musu. To, in zubar ne?"

Famau, da ko a gidan makoki ba a raba shi da zolaya, wannan karon bai yi tsiya ba. A hankali ya ce, "Marigayi sau ɗaya yake ba su a rana, abin da yatsu biyu suka ɗauka. Ragowar da ba su ci ba ce ke ruɓewa a ƙasa, ita gansakukar ke ci. Yaya, ita kika yi ta kiwo."

Ya naɗe hannun riga ya shiga tsige koren gashin a hankali. Duk reshen da ya buɗe sai ya fito fari fat, kamar ƙashi. Na farko, na biyu, har ya daina ƙirgawa. Can gefe, kusa da inda ruwa ke kaɗawa, ya tarar da tsini ɗaya mai sauran launi, bai fi farce ba.

"Ashe gawa nake ta gogewa," in ji ta. Baƙin cikin ya fi ma na ranar da aka fita da gawar mijinta, don waccan ranar ba ta da laifi.

"Wannan ɗan yana da rai. Amma ruwan ya lalace, in ya ƙara mako a nan zai bi sauran. Bari in yanke shi in kai akwatina. In ya yi ƙwari in dawo miki da shi."

"Ni ya bar wa, Famau."

"Na sani, Yaya."

Ta daɗe tana kallon tsinin. Kifayen suka taru a jikin gilashi saitin fuskarta, suna buɗe baki, don sun san lokaci ya yi. Ta shiga ciki ta ɗauko kwalba, ta ɗauraye da kanta, ta riƙe masa har ya sa ɗan reshen a ciki. Ta raka shi iyakar inda mai takaba ke tsayawa.

"Kada ka dawo da shi," ta ce. "In kifayen nan suka taru suna kallona haka, ba zan iya hana su abinci ba."