Shafukan da Goggo Ta Cire

"Tsaya, Malama," in ji Goggo. "Tun ɗazu ba ki juya shafi ba."

Ina zaune a bakin gadonta, littafi buɗe a cinyata, bakina yana ta zuba, ashe hannuna ya manta aikinsa.

"Na juya mana, Goggo. Ke ce dai ba ki ji ba."

"Ni ce ban ji ba?" Ta yi 'yar dariya wadda ta ƙare da tari. "Shekara talatin da ɗaya ina ɗinkin littattafai. Ido ne ya tafi, kunne yana nan. Wannan takardar mai kauri ce, in an juya ta sai an ji. Miƙo."

Na miƙa mata. Ta sa babban yatsa ta shafa gefen shafukan da suka rage.

"Saura goma sha shida, ƙunshi ɗaya cur. Ke kuma har kin rufe labari, kowa ya rungumi kowa. Malama, ƙarya ba ta yi miki kyau ba."

Goggo ba goggona ba ce ta jini. Ƙofarta ce ke kallon tawa a hawa na biyu, shekara tara muna haɗa igiyar shanya ɗaya. Ni malamar firamare ce, ina tashi ƙarfe biyu. Da ciwon zuciyarta ya yi tsanani, likita ya ce a mai da ita gida ta huta, kuma duk mun gane abin da yake nufi. 'Yarta ɗaya, Mitsi, tana aikin asibiti a wani gari mai nisa, tana ta fama da shugabanta a ba ta hutu. Mitsi fa sunan yarinta ne, wai don an haife ta mitsitsiya. Yanzu ga ta doguwa, sai ta sunkuya take shiga ɗakin girki. Kafin ta samu zuwa, ni nake zama da Goggo kullum da yamma, ina yi mata karatu.

Littafin mai jan bango ne, ya sha yawo a gidanmu har bayansa ya fara sakewa. Labarin ƙawaye biyu ne. Ɗaya ta ba da shaidar zur a kan ɗayar don ta tsira, rayuwar ɗayar ta tarwatse, ta mutu wajen haihuwa, sai ga jaririya ta faɗo hannun wadda ta ci amanar. Matan gidan nan kuwa kowa da hukuncinta. Mai Kitso da ke ƙasa ta ce ita a babi na biyar ta yi jifa da shi, sai da ta huce ta ɗauko. Matar Direba ta ce kukan da ta sha har mijinta ya ɗauka rasuwa aka yi. Ba wadda ta yarda ta gaya mini ƙarshen, wai kada su ɓata mini.

Ni ma ba baya ba ce wajen baki. Ina karantawa ina sharhi.

"Kai, wannan mata an yi muguwa! Wallahi ko ruwan sha ba zan ba ta ba."

Goggo ta juya fuska wajen taga.

"Ba ki san tsoro ba, Malama," ta ce. "Ci gaba."

Na ɗauka tausayin tsofaffi ne kawai. Har yau in na tuna irin zagin da na yi ta surfa wa matar nan a gabanta, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar da muka kai inda mai naƙuda ta ɗora jaririya a hannun ƙawarta, Goggo ta ce in rufe ƙofa. Na rufe. Ta ce in kashe fanka, ƙararta ta dame ta.

"Mu biyu ne a tebur ɗaya a wurin buga littattafai," ta ce. "Ni ina jera shafuka, ita tana ɗinkewa. Tare muke tafiya, tare muke cin abinci a kwano ɗaya. Wata rana aka kawo babban aiki, littafin makaranta. Na jera ƙunshi na uku kafin na biyu, ita kuwa abin da na miƙa mata shi take ɗinkewa. Sai da aka gama kaf aka gano. Manaja ya kira ni ni kaɗai, ya ce waye ya yi jerin. Na ce ranar ita ta yi."

"Goggo!"

"Ki bari in gama, numfashina ba yawa. Aka kore ta. Cikinta wata shida, mijinta bai daɗe da rasuwa ba. Ta koma wankau, tana ɗaukar manyan bokitai. Wata bakwai ta haihu. Ni na kai ta asibiti, ni ta riƙe wa hannu. Ta ce, 'Ke kaɗai na yarda da ke, ga ta nan.' Har ta cika ba ta san ni ce ba."

Na matsa kusa da ita.

"Mitsi ta sani?"

"Ba ta san komai ba. Ni ban taɓa haihuwa ba, Malama. Na je asibiti hannu rabbana, na dawo da 'ya. Mijina ya karɓe ta, muka tashi daga unguwar, shi ma ya tafi da maganar kabari." Ta lalubo hannuna ta matse. "Ina so in gaya mata kafin in tafi, amma tsoro nake ji. Mu ga yadda yarinyar cikin littafin za ta yi in ta ji gaskiya. In ta yafe, zan faɗa."

"Haba Goggo, ai wannan ƙirƙira ce!"

"Wadda ta rubuta ta san irina. To ta san irin Mitsi ma."

Washegari a makaranta, yara suna wasa a fili, na buɗe ƙarshen littafin a ɓoye. Yarinyar ta ji gaskiya, ta tsaya a bakin ƙofa, ta buɗe ta fita. Ba ta sake waiwayowa ba. Ko jana'izar matar da ta raine ta ba ta zo ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi ta tsine wa marubuciyar a zuci. Duk hanyar gida ina shirya wani ƙarshen, mai daɗi, inda yarinyar za ta saki ƙofa ta dawo ta durƙusa. Na tsara shi tsaf, har da kalaman da za su yi wa juna. Abu ɗaya na manta, shi ne in riƙa juya takarda.

To ga mu nan, ta kama ni dumu-dumu.

"Karanta mini na gaskiyar," ta ce.

"Goggo, don Allah ki bari."

"Kin ga ina da lokacin ja-in-ja?"

Na karanta. Ina juya shafi ɗaya bayan ɗaya, tana jin kowanne. Da na gama ba ta yi kuka ba. Ni ce nake ta jan hanci.

"Ta yi daidai," ta ce a hankali. "Ni ma da haka zan yi. Kunna mini fankar."

Kashegari da na shigo, na tarar ta sa Matar Direba ta jingine ta da matasai. Ta ce in ɗauko mata gwangwanin da ke saman kabad. A ciki akwai allurai, zare mai kauri, guntun kakin zuma da ya yi baƙi, da wata 'yar wuƙa da washi ya cinye rabinta. Ta karɓi littafin ta kife shi a cinya, ta bi bayansa da yatsa har ta sami ɗinkin ƙarshe. Ta yanke zaren, ta zare ƙunshin nan na goma sha shida ta miƙo mini.

"Ajiye a wurinki."

"Littafin Mai Kitso ne fa, za ta cinye ni ɗanye."

"Ce mata ni ce. Ta zo ta same ni in ta isa."

Ni na zura mata zare a allura, ita ta goga shi da kaki. Hannun yana rawa amma bai manta hanya ba. Sau biyu ta soki yatsanta, ɗigon jini ya taɓa shafin ƙarshe, na ce bari in goge, ta ce in bar shi. Aikin da ta ce da tana yinsa kafin shayi ya huce, ranar ya cinye mana yamma guda. Da ta ƙulle zaren ta ce in karanta mata layin da littafin ya tsaya yanzu. Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa, hannunta a kan mariƙi.

"Yauwa. Nan ya ƙare." Ta zaro wani tsohon hoto daga ƙasan gwangwanin ta cusa a ciki. "In na tafi ki ba ta. In ta tambaye ki, ki faɗa mata duka, kada ki yi mini kwaskwarima irin ta jiya. In ba ta tambaya ba, ki yi shiru."

"Ki faɗa mata da bakinki mana, Goggo. Jibi za ta iso."

"Ina so in mutu tana kirana Inna."

Mitsi ta iso da jaka ɗaya da kumburarrun idanu. Kwana uku suka samu. Ita ke yi mata wanka, ita ke ba ta ruwa da cokali, tana yi mata faɗa wai ta ɓoye mata yadda ciwon ya kai. Sau biyu ina wurin Goggo ta ce, "Mitsi, zo ki ji." Mitsi ta matso ta kawo kunne. Na ga leɓen tsohuwar yana motsi. Na farko ta ce a gyara mata matashi. Na biyu ta ce, "Kin ci abinci kuwa?"

Rana ta uku da hantsi, ba makaranta, ina tsaye ina ninke zanen gado. Mitsi tana taje mata furfura tana ba ta labarin wani majinyaci mai rigima. Ta kai tsakiyar labarin ta tsaya.

"Inna? Inna, kina ji?"

Matajin ya faɗi ƙasa. Ƙarar da ta yi har Mai Kitso ta hauro da gudu, hannunta duk mai.

Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa na kai mata littafin, na ce saƙon Goggo ne. Ta karɓa ta ajiye a kan akwati ba ta ko duba ba. Na ce a raina shi ke nan, maganar ta bi mai ita.

Kwana biyu bayan nan, ina gyaran littattafan yara da yamma, aka ƙwanƙwasa. Mitsi ce, littafin a hannu ɗaya, hoton a ɗayan. 'Yan mata biyu ne a bayan tebur cike da takardu, suna dariya. Ɗaya Goggo ce. Ɗayar doguwa ce mai ciki, ta ɗan sunkuyar da kai don ta shiga hoton.

"Anti, wace ce wannan?"

Na zaunar da ita na faɗa mata duka, tun daga ƙunshi na uku har asibiti. Ban yi kwaskwarima ba. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya, tana dai kallon doguwar nan.

"Ina sauran littafin?"

Na jawo aljihun tebur na fito da shafukan. Ba ta karɓa ba.

"A ciki yarinyar ta tafi, ko?"

"Ta tafi."

"Kuma Inna ta ji wannan?"

"Ta ji. Na yi ƙoƙarin canza mata, ta kama ni."

"Shi ya sa take ce mini in gyara matashi." "Shekara talatin da huɗu tana goya ni, tana zama a bakin gadona in ba ni da lafiya, sai ta auna ni da yarinyar cikin littafi? Da na yi fushi, Anti, wallahi da na yi. Da na yi mata ihu, wataƙila ma in fita in buga ƙofa. Amma ina za ni? A matakalar nan zan zauna in gama kukana in koma. Me ya sa ba ta bari na yi mata faɗan ba?"

Abin da ke cin raina kawai shi ne, da na juya takardar nan sau bakwai ko takwas, da sun yi wannan faɗan ido da ido, da Goggo ta ji an dawo.

Mitsi ta kifa kai a cinyata ta yi kuka mai isarta. Da ta tashi ta share fuska, ta mai da hoton cikin littafin, daidai shafin da ke da ɗigon jini. Ta bi ɗinkin da yatsa, karkatacce, wani wuri ya matse wani ya saki.

"Ita ta ɗinka da kanta?"

"Da kanta. Zare kawai na zura mata."

Ta rungume shi a ƙirji ta tsallaka zuwa ɗakin Goggo. Ba ta rufe ƙofar ba. Daga inda nake ina hango ta zaune a bakin gadon, gwangwanin allurai a gefenta. Shafukan goma sha shida suna nan kan teburina, guntayen zare suna reto a jikinsu, iskar fanka tana ɗaga na saman tana sauke shi.